Aikin Kula da Netwok ɗin Kwamfuta a Bauchi: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗalibai da masu bautar ƙasa da iyayen yara suna yawan tambaya a kan wannan sana'a, kuma galibin amsoshin da suke samu an rubuta su ne domin ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Mun tattaro tambayoyin da suka fi maimaituwa, mun amsa su bisa yadda aikin yake a Bauchi da kewayenta.

Shi mai kula da netwok, mene ne aikinsa takamaimai?

Duk ma'aikatar da ke da kwamfutoci da yawa, akwai abin da ya haɗa su: wayoyi a cikin silin ko jikin bango, suwic da wayoyin ke taruwa a kansa, rauta mai fitar da su zuwa intanet, na'urorin Wi-Fi, wataƙila da saba mai riƙe da bayanan ɗalibai ko na marasa lafiya. Idan ɗaya daga cikinsu ya tsaya, mai kula da netwok ake nema. Shi ke raba wa na'urori adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok, shi ke tsara wanda aka yarda ya shiga wane sashe, shi ke raba ƙarfin intanet don kada mutum ɗaya mai sauke fim ya hana ofishin kuɗi aiki.

Sauran aikin kuwa ba mai ganinsa: zana taswirar inda kowace waya ta bi, manna wa kowace lamba, ajiye kwafin saitin kowace na'ura, sabunta manhajojinsu, da karanta bayanan da suke rubutawa game da kansu. Wanda ya yi wannan da kyau har a riƙa cewa ba ya aikin komai, tunda ba a taɓa ganinsa yana gudu da tsani ba.

To ba shi ne mai gyaran kwamfuta ba?

A takarda aikin biyu ne. A ofisoshinmu kuwa mutum ɗaya ake ɗora wa duka, har da firinta da kyamarorin tsaro da wayar oga. Ka shirya wa hakan, amma kada ka bari ya cinye lokacin aikinka na ainihi.

Na gama sakandare. Me zan karanta, kuma dole ne sai da digiri?

In aikin gwamnati ko banki ko jami'a kake hange, takardar makaranta ce ke buɗe ƙofar farko. Kimiyyar kwamfuta, injiniyancin kwamfuta ko na lantarki, duk suna kaiwa. A nan gida akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jami'ar Sa'adu Zungur ta Gaɗau, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, da ta Abubakar Tatari Ali. A maƙwabta akwai Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere.

Sai dai aji zai ba ka ka'ida ne, hannu kuma a wurin aiki yake faɗawa. Shi ya sa muke cewa ɗalibai su ɗauki watannin SIWES, wato zaman koyon aiki a ma'aikata lokacin karatu, da muhimmanci. Kada ka nemi ofis mai sanyi inda za a sa hannu a littafinka kana zaune. Nemi sashen ICT na asibiti ko makaranta, ko kamfanin da ke ja wa mutane intanet, wurin da za ka hau silin, ka matse kan waya, ka ga yadda ake neman matsala. Kamfanoni masu zaman kansu da masu ba da kwangila ba su cika damuwa da digiri ba, rauta za su ajiye maka su ce ka saita.

Waɗanne jarrabawa ne na ƙwarewa suka cancanci kuɗinsu?

CCNA ta kamfanin Cisco ita ce aka fi sani. Lambarta 200-301, minti 120 ake yi, kuɗinta dala 300, kuma shaidar tana aiki shekara 3 kafin a sabunta. A canjin yau wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, don haka kada ka biya sai ka tabbata za ka ci. Akwai Network+ ta CompTIA wadda ba ta jingina da kayan kamfani ɗaya ba, akwai HCIA ta Huawei, akwai kuma MTCNA ta MikroTik.

A ganinmu, karatun CCNA ya zama dole ko da ba za ka zauna jarrabawar yanzu ba, domin a nan za ka fahimci raba adireshi, da VLAN, wato kasa netwok ɗaya zuwa sassa, da yadda saƙo ke zaɓar hanya. Amma abin da za ka fi cin karo da shi a otal-otal da makarantu da ƙananan kamfanonin intanet na Arewa shi ne na'urorin kamfanonin MikroTik da Ubiquiti da TP-Link, saboda sauƙin kuɗinsu. Ka iya su. Masu haddace tambayoyin baya su ci jarrabawa kuwa, minti goma a gaban suwic ya isa ya tona musu asiri.

Akwai kuma rajista da CPN, hukumar da dokar 1993 ta kafa domin masu sana'ar kwamfuta a Najeriya. Wasu ma'aikatun gwamnati suna neman ta wajen ɗaukar aiki ko ƙarin girma.

Ba ni da kuɗin sayen na'urori. Yaya zan yi atisaye?

Packet Tracer, manhajar da ake kwaikwayon haɗa netwok a cikin kwamfuta, kyauta ne ga wanda ya yi rajista a Cisco Networking Academy, kuma tsohuwar laftof ma tana ɗaukarsa. Idan ka ƙware sai ka koma manyan irinsa, GNS3 ko EVE-NG, su kam suna son RAM na aƙalla 8GB, 16GB ya fi. Ka sa Wireshark ka riƙa kallon abin da ke wucewa a netwok ɗin gidanku. Sannan ka nemi ƙaramar rautar MikroTik ta hannu, da waya mita 20, da kawunan RJ45 guda 50, ka yi ta matsewa kana ɓatawa har hannunka ya saba.

Wane kayan aiki zan mallaka, kuma me ya kamata in sani game da waya?

Filayar matse kan waya, abin fere waya, testa mai nuna layuka takwas, mita ta awon wuta, wayar shiga saitin suwic, tocila, da abin manna lamba. Ba su da yawa.

Wayar ce ke buƙatar bayani, domin a nan aka fi cutar mutane. Wayar netwok irin Cat6 ba ta wuce mita 100 daga suwic zuwa na'ura, kuma a ka'ida mita 90 ne a bango, 10 na gajerun wayoyin jonawa. Idan ta zarce, wani lokaci za ta yi aiki, wani lokaci ta ƙi, kuma irin wannan matsala ta fi wadda ta mutu gaba ɗaya wahalar ganowa. Jerin launin silayen cikin waya wajen matse kai, a tsarin T568B, shi ne: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Idan ka jera yadda ka ga dama a kai biyun iri ɗaya, testa mai araha za ta nuna lafiya lau, amma gudun zai faɗi saboda ka raba tagwayen da aka murɗe tare.

Kasuwa cike take da wayar CCA, wato alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe. Kwalinta mai mita 305 ya fi na gaskiya sauƙin ɗauka da sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado. Kankare silin ɗaya da wuƙa: in ka ga fari a ciki, ita ce. Tana karyewa a bakin jonawa, kuma idan aka tura wuta ta cikinta zuwa kyamara ko na'urar Wi-Fi, sai ta yi zafi, wutar ta ragu a hanya, na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi. A kan tura wuta ta waya, wato PoE, ka riƙe lambobi biyu: tsarin 802.3af yana ba da wat 15.4 a kowace kafa, wato ramin da ake cusa waya a jikin suwic, 802.3at yana ba da 30. Ka kuma duba jimillar da suwic ɗin zai iya bayarwa, don mai kafa 24 ba lallai ne ya iya ciyar da 24 a lokaci guda ba.

An kira ni an ce "intanet ba ya yi". Daga ina zan fara?

Fara da tambaya: mutum ɗaya ne, ofis ɗaya ne, ko kowa? Amsar ta rage maka rabin wahala. In mutum ɗaya ne, duba fitilar kafar wayarsa da ta suwic. In tana ci, buga umarnin ipconfig a kwamfutar ka ga adireshinta. Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin kwamfutar ta nemi adireshi daga DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, ba ta samu ba, ta ba kanta. In adireshin daidai ne, yi ping zuwa rauta, wato ka aika mata ɗan saƙon gwaji. Ta amsa? Yi ping zuwa 8.8.8.8, wani adireshi da ke waje a intanet. Idan wannan ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, DNS, mai juya sunan shafi zuwa adireshi, shi ne ya sami matsala, layinku lafiyarsa ƙalau. Idan bai amsa ba, yi tracert ka ga inda saƙon ya maƙale, kafin ka kira kamfanin da ke ba ku intanet. Za su fi saurarenka in ka ce musu ga inda ya tsaya.

Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta. Kashe komai a kunna yakan dawo da aiki, amma yana goge shaidar abin da ya faru, gobe kuma ya dawo.

Waɗanne matsaloli ne suka fi yawa a nan yankin?

Wuta ce kan gaba, da nisa. Ba ɗaukewar kaɗai ba, har da dawowarta da ƙarfi, da ɗan tsaikon da ake samu lokacin juyawa zuwa janareta. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, kuma netwok ɗin da ya rayu a lokacin shi ne wanda aka yi wa lissafin batir da sola. Ga yadda lissafin yake. A ce rauta tana jan wat 15, suwic da na'urorin Wi-Fi 8 suna jan 130, saba 250, na'urar naɗar kyamarori 40. Jimilla wajen wat 435. Awa 8 ke nan kusan 3,500Wh. Batir mai 12V 200Ah yana da 2,400Wh a rubuce, amma irin na dalma rabi kawai ake sha in ana son ya daɗe, wato 1,200. Uku za su yi kaɗan in aka cire asarar inbata, sai huɗu. Batirin litiyom ɗaya mai 5kWh zai ɗauki wannan nauyi. Ƙaramin UPS na kan tebur mintoci kaɗan yake bayarwa, aikinsa ya riƙe saba kafin janareta ya tashi.

Sai zafi. A Maris da Afrilu ana haura digiri 40, kuma batirin dalma yana rasa kusan rabin shekarunsa a duk ƙarin digiri 10 sama da 25. Wanda ya kulle batura da saba a ɗakin da ba iska, ya san inda kuɗinsa suka tafi. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe fankokin na'urori, don haka a hure su kafin zafi ya shigo.

Da damina tsawa ce. Kada a ja wayar jan ƙarfe a sarari daga gini zuwa gini, domin tsawa ko ba ta faɗo a kanta ba tana iya ƙona kafafun suwic na ɓangarorin biyu. Faiba ake sawa, tunda gilashi ne, wuta ba ta bin sa. Hasumiyar rediyo da akwatin na'urori kuma a haɗa su da sandar jan ƙarfe da aka binne a ƙasa mai danshi. Masu haɗa rassa biyu da rediyo su tuna cewa sai na'urorin suna ganin juna. Duwatsun Bauchi suna tare hanya, haka ma bishiyar da aka raina da rani, in ta cika ganye sai sigina ta faɗi.

Wasu matsaloli biyu kuma 'yan Adam ne ke jawo su. Wani ya ga waya tana reto sai ya cusa ta cikin suwic ɗin da ta fito, saƙonni su yi ta zagaye, fitilu duka su riƙa ƙiftawa tare, netwok ya tsaya cak. Maganinsa a kunna STP, saitin suwic mai hana irin wannan zagaye, a kuma kashe kafafun da ba a amfani da su. Wani kuma ya kawo rautarsa daga gida ya jona don ya sami Wi-Fi a ofishinsa, ita ma ta fara raba adireshi, rabin ma'aikata su ɓace. Suwic mai saiti yana da hanyar hana wannan, ana ce mata DHCP snooping.

Za ku iya ba da misalin aiki guda daga farko?

Ɗauki cibiyar jarrabawar JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Ana neman kwamfutoci 250 da ƙarin kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, 275 ke nan, kuma da waya ake haɗa su. Sabon shiga zai sa rukunin adireshi na /24 da ya saba, wanda 254 kaɗai yake ɗauka, sai ranar gwaji layin baya su kasa shiga. /23 ake buƙata, mai 510. Suwic mai kafa 24 kuma 23 yake ba ka, tunda ɗaya za ta tafi babban suwic, don haka guda 12 za ka saya, da na tsakiya, da aƙalla ɗaya a ajiye. Kowanne ya tafi tsakiya kai tsaye. In ka jera su wannan cikin wancan, na farko ya mutu, duk na bayansa sun bi shi.

Ina ake samun aikin, kuma yaya samun yake?

Manyan makarantu, asibitoci irin Asibitin Koyarwa na ATBU da na Tarayya da ke Gombe, ma'aikatun jiha, bankuna, ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Arewa maso Gabas, masana'antu irin kamfanin siminti na Ashaka, kamfanonin da ke kula da hasumiyoyi da faiba na MTN da Airtel da Glo, otal-otal, da cibiyoyin jarrabawa. A aikin gwamnati mai digiri yakan fara a mataki na 08, albashinsa daidai da na kowane ma'aikaci a matakin. Ƙungiyoyin agaji da kamfanonin sadarwa sun fi biya, amma kwantiragi ne mai wa'adi.

Gaskiyar magana, kujerun dindindin ba su da yawa a jiha ɗaya, bankuna ma daga hedikwata suke sarrafa netwok ɗin rassansu. Da yawa daga masu samun rufin asiri suna haɗa aikin ofis ne da kwangilar sa kyamarori, Wi-Fi da sola, sannan su ƙulla yarjejeniyar kulawa ta wata-wata da makarantu ko otal uku zuwa huɗu. Wannan kuɗin na wata-wata ya fi na kafawa albarka.

'Yata ce ke son wannan fanni. Ya dace da 'ya mace?

Ƙwarai kuwa, Hajiya. Hawa hasumiya da jan waya wani ɓangare ne, kuma akwai masu yin sa daban. Saiti, sa ido, tsaro da tsarawa a kan kujera ake yinsu, wasu ma daga gida. Abin da za ku tattauna tun da wuri shi ne lokaci: manyan sauye-sauye da dare ko ƙarshen mako ake yinsu, lokacin da ba kowa a ofis. Ta tambayi tsarin wurin kafin ta karɓi aiki.

Ana cewa AI, wato ƙirƙirarriyar basira, da ajiya a intanet za su kashe sana'ar. Haka ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. Hukumar ƙididdigar ayyuka ta Amurka tana hasashen cewa guraben masu kula da netwok da saba za su ɗan ragu a can cikin shekaru goma, yayin da na masu tsaron bayanai za su ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Dalili shi ne kamfanoni suna kwashe sabobinsu zuwa manyan rumbunan haya na intanet irin AWS da Azure da Google Cloud, kuma mutum ɗaya da manhaja yana saita suwic ɗari da a da sai mutum biyar. Cisco ma ta shigar da tambayoyin AI cikin CCNA tun 2024.

Amma su sun gama shimfiɗa nasu, mu yanzu muke yi. Gwamnatin Tarayya ta sanar da shirin jan faiba mai tsawon kilomita 90,000. MTN ta fara 5G a 2022, Airtel ta biyo a 2023, shekarar da Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, ya fara aiki a Najeriya. Asibitoci suna komawa ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, jarrabawa suna komawa kwamfuta. Kuma duk ma'aikatar da ta mayar da bayananta intanet, ta ƙara dogara ne da layinta: in ya yanke, ko fayil ɗaya ba mai buɗewa. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama sun kasa aiki yadda ya kamata. Wanda ya iya haɗa layi biyu daga kamfanoni daban, ɗaya ya karɓa in ɗaya ya faɗi, ba zai rasa mai nemansa ba.

Wanda ke cikin haɗari shi ne wanda iyakarsa matse waya da canza kalmar sirrin Wi-Fi. Wannan kowane yaro mai wayo zai koya a wata guda.

Starlink bai sa an daina buƙatarmu ba?

Ya kawo intanet bakin ƙofa ne kawai. Raba shi ga mutum 80 a gini uku, ware baƙi daga ma'aikata, da hana wasu shanye shi, duk suna nan. Ruwan sama mai ƙarfi yana rage shi, kuma ƙaramin tsarinsa ba ya ba da adireshin IP na kanka irin wanda aka saba, wato IPv4, don haka mai son shiga sabar ofis daga waje sai an yi masa dabarar VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar shiga ta cikin intanet.

Me zan ƙara a kan ilimin netwok don in yi gaba?

Linux da farko, wato babbar manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, domin yawancin sabobi a kansa suke. Sai Python da Ansible daidai yadda za ka tura saiti ɗaya ga na'urori da yawa. Daga nan ka zaɓi hanya: tsaro da katangar wuta, wato mai tace abin da ke shiga da fita daga netwok, irin FortiGate ko pfSense, ko AWS da Azure, ko faiba. Haɗa faiba da na'urar narkawa da gano inda ta yanke da na'urar OTDR sana'a ce mai kasuwa, ganin yadda aikin hanya da haƙar magudana ke yanke ta kullum. IPv6, sabon tsarin adireshi, shi ma a koye shi, tunda babban rumbun IPv4 na duniya ya ƙare tun 2011. Shirin 3MTT da gwamnati ta fara a 2023 yana koyar da wasu daga cikin waɗannan kyauta.

Gaskiya ne mai kula da netwok yana ganin abin da kowa ke yi?

Yana iya ganin wane shafi na'ura ta ziyarta da yawan abin da ta sha. Abin da ke cikin saƙon WhatsApp ko shafin banki a rufe yake, ba ya gani. Amma sabar ma'aikata tana hannunsa, da albashi da bayanan marasa lafiya, kuma wannan amana ce. Dokar Kare Bayanai ta 2023 da Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, duk suna hawa kan wanda ya leƙa ko ya fitar da abin da ba a ba shi izini ba. Idan wani babba ya ce ka duba masa abin da wane ke yi, ka ce ranka ya daɗe a rubuto a takarda.

An ɗauke ni aiki, na tarar ba taswira, ba lamba a jikin waya ko ɗaya. Me zan fara yi?

Kada ka canza komai a makon farko. Karɓi kalmomin sirri a rubuce daga wanda ka gada, ka gwada kowace a gabansa. Sauke saitin kowace rauta da suwic ka ajiye a wuri biyu. Bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya kana manna lamba a kai biyun, ka zana taswira ko da a takarda ce. Nemo takardar yarjejeniya da kamfanin intanet ka ga ko layin naku ne ku kaɗai ko na haɗaka da wasu ne, da ranar da kuɗin ke ƙarewa. Zare wutar UPS da rana tsaka, bayan ka sanar, ka ga minti nawa yake riƙewa. Ɗauko fayil ɗaya daga kwafin ajiya ka buɗe shi, domin sau da yawa ana tarar da cewa kwafin ya daina aiki watanni da suka wuce. Bayan haka sai ka canza kalmomin sirri, ka rufe asusun waɗanda suka bar aiki, ka rubuta wa shugabanka shafi ɗaya mai ɗauke da abubuwa uku da suka fi gaggawa da kuɗin kowanne.